Devasena ta fim ɗin Baahubali: jaruma ce, ko bakinta ne ya rusa gida?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare an kawo wuta, na zauna da ƙannena muka sake kallon Baahubali kashi na biyu, karo na shida ke nan in ban yi kuskure ba. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau sai na faɗe shi. Kowa yabon Devasena yake yi, wai gimbiya mayaƙiya, ga harbi ga sara. Ban musa ba. Amma ku duba: kafin ta sa ƙafa a masarautar Mahishmati, Amarendra Baahubali, wanda ya zama mijinta, aka ayyana zai hau karaga, uwa tana ji da shi, talakawa suna ƙaunarsa. Daga zuwanta sarauta ta kuɓuce, muƙamin sarkin yaƙi ya bi baya, aka kore su daga fada, aka zo aka kashe shi. Kuma duk inda abu ya lalace, in ka bi sawu, ita ce ta buɗe baki a gaban jama'a. Ni a wurina ba takobin Kattappa, amintaccen bawan fada, ne ya kashe Baahubali ba, harshen matarsa ne. Wa ke da ja?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni ke da ja, kuma ja mai ƙarfi. Haba Dan_Fagge! Wato Bhallaladeva, ɗan'uwan Amarendra, da ya ƙulla makirci ba shi da laifi, ubansa Bijjaladeva da ke hura wuta dare da rana ba shi da laifi, uwarsa Sivagami, wadda ta raini Amarendra, da ta ba da umarnin kisa da bakinta ba ta da laifi, sai yarinyar da ta ce ba za a aurar da ita ga wanda ba ta so ba? Maza dai ba ku rasa inda za ku rataya wa mace jakar tsaba.

Kallo_Ya_Koma_Sama:
Jama'a a tausaya mana, wasunmu ba mu kalli na biyun ba tukuna.

Mai_Shayin_Kwana:
Fim ɗin da ya fito tun watan Afrilun 2017? Ɗan'uwa ai kai ne za ka tausaya wa kanka.

Dan_Fagge:
Maman_Ilham, ban wanke su ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, abin da nake nufi ke nan. Mu ɗauka ɗaya bayan ɗaya. An aiko miki da dukiya daga babbar masarauta ana neman aurenki. Ba kya so, to ki ce ba kya so cikin ladabi. Ita kuwa sai ta mayar da kaya da baƙar magana, har da gori. Ƙasarta Kuntala ƙarama ce, ba ta isa ta tsaya gaban Mahishmati ba, kuma ta san haka. Ɗiyar sarki da ta san nauyin talakawan da ke ƙarƙashin gidansu ba za ta yi wannan gangancin ba. Kuma ai mun ga yadda Kuntala ta ƙare, toka aka mayar da ita.

Bazazzagiya:
Yaya Dan_Fagge, tsaya mu kira abin da sunansa. Abin da Sivagami ta yi shi ne kai lefe gidan da ba a taɓa zuwa gaisuwa ba. Babu neman iri, babu tambayar yarinya, ko fuskar angon ba a nuna ba. Akwatuna kawai aka jibge da zinariya, ana nufin ga kuɗi nan, ki taso. A Zariya ma in ka yi wa gidan mutunci haka, da kayanka za ka koma. Kuma ka lura, saƙon cewa ya yi ɗan Sivagami, bai fayyace wane ɗan ba. Shi ya sa Kattappa da kansa ya ɗauka Amarendra ake nufi, ya yi ta murna. Wannan ruɗanin daga fada ya fito, ba daga bakin Devasena ba.

Uban_Tafiya:
Ku yi haƙuri, wai wacce ce Devasena a ciki? Wadda ta rufe fuska tana yaƙi a daji, jarumin ya hau dutse saboda ita?

Bazazzagiya:
A'a, waccan Avanthika ce, Tamannaah ta fito a ita, kuma ba gimbiya ba ce, mayaƙiya ce cikin 'yan tawayen da ke neman kuɓutar da Devasena. Devasena ita ce tsohuwar da ke ɗaure da sarƙa a tsakiyar gari a kashi na ɗaya. A na biyu ne aka koma baya aka nuna ƙuruciyarta. Anushka Shetty ce.

Mai_Shayin_Kwana:
Abin dariya ma, a zahiri Prabhas, wanda ya fito a Amarendra da kuma ɗansa, ya girme ta. Shi haihuwar 1979 ne, ita 1981. Amma ta fito a matarsa, ta kuma fito a uwarsa, kuma wallahi da ta sa furfurar nan ba ka ce ita ba ce.

Sarkin_Baka_Ningi:
Ni ba zan shiga rigimar suruka ba, abin da na sani zan yi magana a kai. Gidanmu farauta muka gada, na riƙe baka tun ban kai shekara goma ba. Wurin da kowa ke yi wa ihu, inda 'yan fashin Pindari suka shigo fada da dare, shi da ita suna harba kibau uku-uku a tare, ku sani wannan ado ne na fim. Ƙarfin da ke jikin tsirkiya ɗaya ne. In ka ɗora kibiya uku, ƙarfin nan ne zai rabu uku, kowace ta tafi a raunane, kuma ba za ka iya saita uku a kan mutum uku ba. Mu kibanmu ma ko gashin tsuntsu ba ma sa musu a gindi, ƙyauro ne da ƙarfe, dafin kwankwani ke yin aikin, ba yawan kibau ba.

Amma zan yaba mata abu guda. Tsayuwarta daidai ce. Yadda take buɗe ƙirji, gwiwar hannu a sama, ta ja har kusa da kunci, wannan an koya mata kuma ta koya. Na sha ganin 'yan fim suna riƙe baka kamar sun riƙe muciya.

Dan_Fagge:
Baba Sarkin Baka, Allah ya ƙara girma. To ka ma taimake ni. A wurin nan wa ya koya wa wa? Tun farko an nuna tana ta fama da kibiya biyu ta kasa, sai da ya zo ya gyara mata riƙo. Ashe jarumtar ma da saura.

Sarkin_Baka_Ningi:
Yaro, wanda aka nuna wa abu sau ɗaya a tsakiyar yaƙi ya ɗauka nan take, shi ake kira gwani. Ni shekara biyu mahaifina yana dukan hannuna kafin in daina karkatar da baka.

Malam_Na_Tsangaya:
Ni ba mai yawan kallo ba ne, yara ne suka sa na ga wannan, kuma wuraren bautar gumakan da ke ciki a riƙa yi wa yara bayani, kada a bar su haka. Amma a kan batun aure, kada mu ɗora wa yarinyar laifin da shari'armu ma ba ta ɗora mata ba. Khansa'u bint Khizam mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Ƙin auren dole haƙƙi ne. Inda zan bi Dan_Fagge shi ne lafazi. Ana iya karɓar haƙƙi ba tare da an ce wa babba ba shi da hankali a gaban fadawansa ba.

Maman_Ilham:
Allah ya gafarta Malam, na yarda lafazin ya yi zafi. Amma a duba halin da take ciki. A matsayin fursuna aka ce a kawo ta. Ta shigo fada da alkawarin mutum ɗaya, a tsaye a gaban dubban mutane aka ce mata ga mijinki can, wani daban. Ta yi magana, aka ce dakaru su kama ta su durƙusar da ita. A wannan lokacin wane lafazi mai taushi ne zai fito?

Kuma bari in faɗi abin da ya sa fim ɗin nan yake taɓa ni. Shekara tara na yi a gidan gandu da uwar mijina, Allah ya jiƙanta. Mace ce mai kirki, mai kyauta, amma in ta yanke magana ta yanku, ko da kuwa an yi mata ƙarya ne. Akwai facalata da ta gane haka, sai ta riƙa riga kowa kai rahoto. Ni kuwa an yi min tarbiyyar kawaici, ko an ƙulla min sharri sai in sunkuyar da kai in ce Allah ya ba da haƙuri. Kun san me shirun ya jawo? Hajiya ta ɗauka duk abin da ake faɗa gaskiya ne, tunda ban taɓa musawa ba. Sai da ta kwanta ciwon ajali, ni ke jinyarta, sannan wata rana ta riƙe hannuna ta ce me ya sa ban taɓa faɗa mata ba. Ban sami amsar ba ta ba. Shi ya sa duk lokacin da na ga Devasena ta miƙe tana magana, ba fitsara nake gani ba. Abin da na kasa yi nake gani.

Yar_Gidan_Liman:
Allah sarki Anti. Allah ya jiƙan Hajiya. Amma ni nawa akasin naki ne. Yayata irin Devasena ce, ba a taka ta ta kwana da shi. Gaskiya take faɗa kullum, ban taɓa kama ta da ƙarya ba, amma aure uku ta yi. Yanzu ita da kanta take ce mana a riƙa tauna magana. Don haka ni ina tsakiya. Na fi ganin laifinta a wurin bikin cikin nan, inda aka sauke mijin daga muƙami. Nan kam ta wuce gona da iri. Ta dubi uwar miji ta yi mata gorin shirun da ta yi, sannan ta juya ta ce wa miji kyautar da take so ita ce ya hau karaga. A gaban sarki mai ci! Wannan maganar ce Bijjaladeva ya samu abin riƙewa daga baya, ya nuna wa Sivagami cewa ai ga shi da ma suna neman sarautar.

Dan_Fagge:
Yawwa! Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Wurin da nake son zuwa ke nan. Magana zarar bunu ce.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Ina ta karatu ina dariya, kun mayar da fim ɗin yaƙi shari'ar uwar miji da matar ɗa. Ni tambayata daban ce. Me ya sa sai mun je Indiya neman gimbiya mai takobi? Mu nan Nijar muna da Sarauniya Mangu ta Lugu, can wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da garuruwa da dama suka watse tun kafin su iso. Ba tatsuniya ba ce, an yi ta. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, har ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1987. Kyautar ma sunan wata gimbiya mayaƙiya take ɗauke da shi, Yennenga ta Mosawa. Amma ka tambayi matasa goma a nan garin, tara sun san Devasena, da ƙyar ɗaya ya ga wancan fim ɗin.

Bazazzagiya:
Ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Amina fa? 'Yar Bakwa ta san rana. Har yau ana ce wa tsofaffin katangun garuruwa ganuwar Amina. An yi mata fim a 2021, na Izu Ojukwu, Lucy Ameh ce ta fito a ita, har Ali Nuhu yana ciki. Na kalla da ɗoki, amma ban ji Zazzau a jikinsa ba. Da Turanci ake magana, shigar ma wani wurin ba tamu ba ce. Shi kuwa Rajamouli, daraktan Baahubali, garin da babu shi ya ƙirƙira, amma ya sa masa al'adar mutanensa har ka rantse akwai shi.

Dalibin_Tarihi:
Gyara kaɗan game da Amina, saboda ana yawan yanke magana a kanta kamar an tabbatar. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wato wajen 1421 zuwa 1438, ya ce har Nupe da Kwararrafa sun kai mata haraji. Wasu masana kuma suna kai ta ƙarni na 16 saboda alaƙarta da Bakwa Turunku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri. To ka ga mai yin fim a kanta yana da ƙaya a gaba: duk abin da ya ƙara, wani zai ce ya yi wa tarihi ƙarya. Mai Devasena ba shi da wannan matsalar, ba wanda zai fito ya ce kakarsa ce.

Af, kuma ita Anushka ta taɓa fitowa a sarauniyar gaske, Rudhramadevi, wadda ta mulki daular Kakatiya a ƙarni na 13. Shi ma a 2015 ya fito, shekara ɗaya da Baahubali na farko.

Uban_Tafiya:
Ni dai 'yan Bollywood sun iya abin nan, ba ƙarya.

Dalibin_Tarihi:
Ba Bollywood ba ne, ɗan'uwa. Fim ɗin kudu ne, da harshen Telugu da Tamil aka yi shi, yawancinsa a Ramoji Film City da ke Hyderabad. Na Hindi ɗin da ya fi yawo fassara ce, kamar yadda mu ma aka fassara mana da Hausa. Labarin ma mahaifin daraktan ne ya rubuta, Vijayendra Prasad.

Mai_Shayin_Kwana:
Wannan batun fassarar yana da muhimmanci a rigimar nan fa. A rumfata na sa na Hausa ya fi sau ashirin. Masu fassara suna ƙara gishiri don a yi dariya, in mace ta yi magana mai zafi sai a sa mata irin tsiwar 'yan matan unguwa. Wanda ya kalli mai rubutu a ƙasa zai ji magana ce ta 'yar sarki mai ji da kanta, wanda ya kalli na Hausa zai ji kamar faɗan bakin famfo. Dan_Fagge, wanne ka kalla?

Dan_Fagge:
Na Hausa. Amma ko da bebe aka fassara, yatsun da ta yanke dai ta yanke su.

Maman_Ilham:
Alhamdu lillahi da ka kawo wannan da kanka. Yatsun wa? Sethupathi, wanda aka ba muƙamin mijinta, ya tsaya a ƙofar wurin ibada yana shafa jikin matan mutane ɗaya bayan ɗaya, ba mai iya cewa uffan. Ya miƙo hannu zai taɓa ta, da tsohon ciki, ta zare wuƙa ta datse yatsun. Ka gaya min, in ƙanwarka ce a layin nan, me za ka so ta yi? Kuma da aka kawo ta fada a ɗaure, ai mijin ne ya ce ta yi kuskure, ba yatsu ya kamata a cire ba, ya fille kan mutumin a gaban kowa. Wannan ne ya sa aka kore su. To wa ya fi zafin hannu a cikinsu? Amma shi kun ce namijin duniya, ita kun ce ta rusa gida.

Bazazzagiya:
Anti kin gama magana.

Dan_Fagge:
A nan kam na sassauta, wannan mutumin ya cancanci abin da ya same shi. Amma ban janye batun bikin ciki ba.

Basakkwace:
Ni abin da nig gani, duk kun bar wurin da ya fi. Ba harbi ba, ba magana ba. Shekara 25 tana ɗaure cikin rana da ruwa, Kattappa ya zo da dare zai kwance ta, tac ce a'a, ɗanta na nan tahe. Tana tsintar ƙirare ɗaya-ɗaya, mutane na cewa ta haukace, ashe itacen ƙona Bhallaladeva take tarawa. Kuma bisa itacen nan anka ƙone shi, ita ta zuba wutar. Wanda ya ce macen nan ba ta da haƙuri bai kalli fim ɗin ba.

Yar_Gidan_Liman:
Kawu, wannan haƙuri ne ko riƙo? Ni tsoro ma ya ba ni. Mai haƙuri yana barin wa Allah. Ita kuwa kullum da safe sai ta ƙara wa ƙiyayyarta itace.

Basakkwace:
Ɗiyata, wanda anka kashe wa miji, anka ƙone garinsu, anka raba ta da jinjiri ranar da ta haihe shi, ki bar ta ta yi riƙo.

Dalibin_Tarihi:
Wani abu da ban ga an taɓo ba: daraktan da gangan ya sa Devasena da Sivagami suka zama kamar mutum ɗaya. Kashi na biyu ya buɗe da Sivagami ɗauke da kaskon wuta a ka, ba takalmi, ba a son ƙafarta ta tsaya har ta kai. Ya rufe da Devasena tana yin wannan tafiyar, har aka ƙone gadar da za ta bi, ta taka kan mutum-mutumin zinariyar Bhallaladeva ta haye. Halinsu ɗaya, kowace in ta faɗi magana ba ta komawa. Da ɗayarsu mai lanƙwasuwa ce da ba a yi fim ɗin ba. Saboda haka tambayar Dan_Fagge in an juya ta, ana iya cewa bakin Sivagami ne ya kashe shi, tunda ita ta yi wa Bhallaladeva alkawarin mace ba ta tambayi macen ba.

Kanwar_Maza:
Ni haushina ba a kan Devasena yake ba, a kan Avanthika ne. An nuna mana yarinya ta sha wuya, ta yi rantsuwar kuɓutar da sarauniyarsu, an ba ta aikin. Sai saurayi ya zo ya wanke mata fuska, ya kwance mata gashi, ya sa mata jan baki da ƙarfin tsiya, shi ke nan ta ajiye aikin ta ce ya je ya yi mata. A kashi na biyu ko magana kirki ba ta yi ba. Ko a Indiya an yi ta sukar wurin nan. Shi ya sa nake ganin ƙimar Devasena, ita aure bai sauke mata kwari daga kafaɗa ba.

Sarkin_Baka_Ningi:
'Yata, ya sauke mana. Bayan an ɗaura aure kin ƙara ganin ta harba kibiya? Ni ban gani ba, kuma ina lura da irin wannan.

Kanwar_Maza:
Kai, Baba ka kama ni. Sai na sake dubawa. Amma dai wuƙar ba ta ajiye ba.

Maman_Ilham:
Kuma kada a manta, daren da aka kashe shi tana kan gwiwa aka zo da labarin za a hallaka Kattappa. Wata macen cewa za ta yi ba inda za ka, ka tsaya in haihu. Ita ta miƙa masa takobi ta ce ya je ya dawo da shi.

Dan_Fagge:
To ai kin dawo kan maganata, Hajiya. Ita ta tura shi inda aka kashe shi!

Maman_Ilham:
Innalillahi. Yaron nan, Allah ya haɗa ka da irinta, mu ga yadda za ka yi.

Dan_Fagge:
Ba amin ba. Ni ko kibiya ɗaya ba zan iya kaucewa ba, balle uku.

Dan_Damagaram:
Kafin a watse, wa ke da fim ɗin Sarauniya mai kyan hoto? Wanda nake da shi ya dusashe, kuma rabin rubutun ƙasan ya yanke.

Kallo_Ya_Koma_Sama:
Na sauke na biyun yanzu, saura caji. Amma tsakani da Allah, wai Kattappa ɗin ne ya kashe shi da gaske?